Fiyod: Ƙauyukan Norwe da ke zaune tsakanin dutse da teku

Har zuwa shekarar 1988 babu hanyar mota da ke shiga ƙauyen Undredal da ke yammacin ƙasar Norwe. Wanda zai je asibiti, da wanda zai kai cukun awakinsa kasuwa, da wanda zai ɗauko amarya daga wani ƙauye, duk jirgin ruwa suke jira. Mutanen garin ba su wuce ɗari ba, awakinsu kuwa sun ninka su sau da yawa. Bayansu dutse ne a miƙe kamar bango, gabansu ruwa ne mai zurfin da ido ba ya ganin ƙarshensa. A yau irin waɗannan ƙauyuka ne matafiya daga kowace kusurwa ta duniya suke zuba kuɗi mai yawa don su je su gani, kuma hotunansu ne suke yawo a wayoyinmu, wasu ma har suna rantsuwa cewa haɗin kwamfuta ne.

Wuraren na gaske ne. Amma hoto ba ya faɗin yadda aka yi mutane suka zauna a can, ko dalilin da ya sa da yawansu suka tashi, ko abin da ke barazana ga waɗanda suka rage. Duk mai niyyar zuwa, ko mai son fahimtar abin da yake gani, sai ya fara da waɗannan.

Mene ne fiyod?

Kalmar ta mutanen Norwe ce, kuma babu takwararta a Hausa domin babu irin abin a ƙasarmu. Fiyod wani dogon hannu ne na teku da ya kutsa cikin ƙasa tsakanin duwatsu masu tsayi. Ba kogi ba ne, domin ruwansa na gishiri ne, yana kuma hawa da sauka tare da teku. Asalinsa kwari ne. A zamanin da ƙanƙara ta lulluɓe arewacin Turai, wanda ƙarshensa ya zo fiye da shekara 10,000 da suka wuce, tarin ƙanƙara mai kaurin fiye da kilomita guda ya riƙa gangarowa a hankali cikin kwaruruka, ɗauke da tsakuwa da manyan duwatsu a ƙarƙashinsa, yana kankare ƙasa kamar yadda magagari ke cin ƙarfe. Da ƙanƙarar ta narke, sai teku ya shigo ya cike ramin da ta bari.

Mafi girma a Norwe shi ne Sognefjord. Tsawonsa kilomita 205, wato ya zarce layin dogon Abuja zuwa Kaduna, zurfinsa kuma a wani wuri ya haura mita 1,300. Dutsen Zuma ya tashi kimanin mita 300 daga ƙasan da ke kewaye da shi. Da za a ɗora irinsa huɗu ɗaya kan ɗaya a wannan zurfin, da na saman bai leƙo ba. Abin mamaki shi ne bakin fiyod, inda ya haɗu da teku, ya fi cikinsa rashin zurfi, saboda a nan ƙanƙarar ta yi rauni ta zubar da tarkacen da ta kwaso. Wannan dandamali na ƙarƙashin ruwa da tsibiran da ke gaɓa suna daga cikin abin da ke sa ruwan ciki ya kwanta luf kamar madubi ko da teku yana hauka a waje. Kuma duk da cewa ƙasar tana can arewa sosai, yawancin ruwan ba ya daskarewa da hunturu, saboda ɗumin da igiyar tekun Atlantika take kwasowa daga wajen mashigin Meziko.

Wannan kwanciyar ruwa ita ce ta sa aka zauna. Shekaru aru-aru fiyod shi ne babban titi. Dutse yana raba ƙauyuka biyu da ke kusa da juna, ruwa kuwa yana haɗa waɗanda ke nesa.

Gonakin da aka gudu aka bari

Ƙasar noma a Norwe ba ta wuce kashi 3 cikin ɗari na faɗin ƙasar ba. Saboda haka duk inda aka sami ɗan fili mai ciyawa, ko da a kan leɓen dutse ne, wani ya je ya kafa gida. Mai tafiya cikin jirgi a fiyod ɗin Geiranger idan ya ɗaga kai zai hango wasu gidajen katako maƙale a jikin dutse. Ɗaya daga cikinsu shi ne Skagefla, wanda ke kimanin mita 250 a saman ruwa. Mutanen yankin suna ba da labarin cewa iyaye a irin waɗannan gonaki sukan ɗaure ƙananan yara da igiya idan suna wasa a waje, don kada su gangara. Akwai kuma labarin da masu yi wa baƙi jagora ba sa gajiya da maimaitawa, wai idan an hango mai karɓar haraji tafe sai a janye tsani. Ko gaskiya ne ko ƙari, wanda ya ga hanyar ba zai yi musu da ƙarfi ba.

Tsallaken ruwa, kusa da magangarun ruwan nan bakwai da ake yi wa laƙabi da 'yan'uwa mata bakwai, akwai gonar Knivsfla. An tashi daga cikinta a 1898 saboda tsoron dutsen da ke rataye a samanta. Skagefla ma an bar ta a shekarun farko na ƙarni na 20. Wasu gangarowa suka yi bakin ruwa, wasu birni suka nufa, da yawa kuwa teku suka haye. Daga 1825 zuwa cikin shekarun 1920 kimanin mutum 800,000 ne suka bar Norwe zuwa Amurka, kuma yankunan fiyod suna cikin waɗanda suka fi zubar da jama'a. Ƙasar da a yau ake ba da misali da arzikinta, kafin a gano mai a tekunta a 1969, kifi da katako da jiragen ruwa ne jarinta, talakan ƙauye kuwa da awaki da 'yan buhunan dankali yake fita hunturu.

Shirun da baƙo yake sha'awa a waɗannan wurare, ashe, shirun gidan da mutanensa suka tashi ne.

Kyan ɗan maciji

Da asubahin ranar 7 ga Afrilun 1934 wani ɓangare na dutse ya ɓalle ya faɗa cikin fiyod ɗin Tafjord. Ruwan da ya ture ya tashi har sama da mita 60 a kusa da wurin, sannan ya bi ta cikin matsatsin ya afka wa ƙauyukan Tafjord da Fjora mutane suna barci. Mutum 40 suka mutu. A yankin Loen abin sau biyu ya faru, daga dutse guda, cikin tafki guda: a Janairun 1905 ya ci rayuka 61, a Satumban 1936 ya ci 74. Bayan na farko mutane sun sake gina gidajensu a ɗan sama, suna ganin sun tsira. Igiyar ta biyu ta fi ta farko tsayi.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ƙanƙarar da ta fafe kwarin ita ce ta tokare bangayensa. Da ta narke sai ta bar su tsaye ba madogara. Ruwan sama yana shiga cikin tsaga, ya daskare ya buɗa ta, ya narke ya sake shiga, shekara bayan shekara. Idan dutse ya faɗa cikin buɗaɗɗen teku, igiyar bazuwa take yi ta mutu. A cikin fiyod kuwa ba ta da inda za ta bi sai gaba, kamar ruwa a cikin kwata, kuma a ƙarshen kwatar ne ƙauye yake.

Wannan ba tarihi ne kawai ba. A dutsen Akernes, ba nisa da Geiranger, akwai wata doguwar tsaga da ke ƙara buɗewa da 'yan santimitoci kowace shekara. Masana sun ƙiyasta cewa abin da ka iya ɓallewa zai kai kubik mita miliyan 54. Idan tifa guda tana ɗaukar kubik mita 10, ana maganar tifa sama da miliyan biyar ke nan a juye lokaci ɗaya. A lissafi mafi muni igiyar za ta iya hawa mita 70 ko fiye a Geiranger da Hellesylt. Hukumar kula da ruwa da makamashi ta ƙasar ta kewaye dutsen da na'urori, wasu a cikin rijiyoyin da aka haƙa a jikinsa, wasu suna auna shi daga tsallaken ruwa, dare da rana. Hujjarsu ita ce dutse mai wannan girma ba ya faɗuwa kwatsam. Motsinsa yakan ƙaru na kwanaki ko makonni kafin ya saki. Manufar ita ce a sanar da jama'a aƙalla kwana uku kafin aukuwar abin, ta jiniya da saƙon waya, a kwashe kowa. A 2015 ma an yi fim a kan wannan fargaba, kuma mutanen yankin sun zauna sun kalla.

A ganina wannan ne abin da ya fi dacewa ma'aikacin gwamnati ya tsaya a kansa. Ba a ɓoye haɗarin don kada baƙi su gudu ba, ba a kuma tashi garin ba. An auna, an faɗa wa mutane gaskiya, an sa kuɗi a aikin da ƙila sai bayan shekara ɗari za a ga amfaninsa.

Baƙo raɓa ne, amma idan ya yi yawa fa?

Yawon buɗe ido a fiyod ba sabon abu ba ne. Tun ƙarni na 19 attajiran Ingila suke zuwa kamun kifi da hawan dutse. Sarkin Jamus Wilhelm na Biyu kusan kowace shekara sai ya zo da jirginsa, kuma yana Sognefjord a Yulin 1914 lokacin da Turai take gangarawa cikin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Abin da ya sauya shi ne yawa. A 2005 hukumar UNESCO ta sanya fiyod ɗin Geiranger da na Naeroy cikin wuraren gadon duniya. Naeroy shi ne wanda a wani wuri faɗinsa bai wuce mita 250 ba, duwatsun gefensa kuwa sun haura mita dubu. Tambarin ya zama talla.

Mazauna Geiranger na dindindin kimanin 250 ne, amma baƙin da ke sauka garin a 'yan watannin zafi dubban ɗaruruwa ne. Babban jirgin yawon shaƙatawa guda yana iya sauke mutum 5,000, ninki ashirin na mutanen garin, a hantsi ɗaya. Ɗan kasuwa zai ce to ai kakarsu ta yanke saƙa. Lissafin bai kai haka daɗi ba. Fasinjan irin wannan jirgi a cikinsa yake kwana, a cikinsa yake cin abinci. Abin da yake bari a gari bai wuce kuɗin motar zagaye da ɗan tsaraba ba, sai kuma cunkoso, da layin banɗaki, da hayaƙi. Hayaƙin nan a kwari mai dogayen bangaye ba ya da mafita, yakan tsaya a saman ruwa kamar hazo. Da kaka ta shiga kuma sai shaguna su rufe, ma'aikatan wucin gadi su koma ƙasashensu, gari ya koma na mutum 250 da dusar ƙanƙara.

A 2018 majalisar dokokin ƙasar ta yanke cewa zuwa 2026 jirgin da ke fitar da hayaƙi ba zai shiga waɗannan fiyod biyu ba. Kamfanonin jiragen suka ce fasahar ba ta kai ba, wasu 'yan kasuwan yankin ma suka ji tsoron a kashe musu kasuwa. Daga ƙarshe aka raba: ƙananan jirage daga farkon 2026, manya kuwa sai 2032. Wasu sun kira hakan hikima, wasu sun kira shi ja da baya, kuma kowannensu yana da abin faɗa. A ɓangaren ƙananan jirage dai an yi nisa, domin tun 2015 jirgin fito mai suna Ampere, na farko a duniya mai ɗaukar motoci da ke aiki da batir zalla, yake tsallaka Sognefjord tsakanin Lavik da Oppedal. A 2025 kuma majalisar ta ba ƙananan hukumomin da baƙi suka yi wa yawa damar karɓar harajin kashi 3 cikin ɗari a kan kuɗin kwana, don gina banɗakuna da wuraren ajiye motoci da gyaran hanyoyin ƙafa.

Yadda ake shiga

Ƙofar yankin ita ce birnin Bergen, wanda ya shahara da ruwan sama. Abin da yake samu a shekara ya fi ninki biyu na abin da Kano take samu, kuma ba shi da damina ko rani, kowane wata yana iya zubowa. Daga nan ko daga Oslo ana bin jirgin ƙasa zuwa tashar Myrdal da ke kan tsauni, sannan a sauya zuwa layin Flam. Tsawon wannan layi kilomita 20 ne kacal, amma yana gangarowa fiye da mita 860 zuwa bakin ruwa, ta cikin ramuka 20 da aka fafe a dutse, 18 daga cikinsu da hannu. An buɗe shi a 1940. Mai mota kuwa zai ratsa ramin Laerdal, kilomita 24.5 a cikin dutse, mafi tsawo a duniya cikin na mota. An buɗe shi a shekarar 2000, kuma an yi masa manyan kogwanni uku masu shuɗin haske a tsakiya don kada direba ya yi gyangyaɗi. Mai lokaci da haƙuri yana iya hawa jirgin Hurtigruten, wanda tun 1893 yake kai wasiƙu da kaya da mutane garuruwan gaɓa. A yau yana tsayawa a tashoshi 34 tsakanin Bergen da Kirkenes.

Shawarar da ta fi amfani ita ce a kwana. Wanda ya sauka a Undredal ko Balestrand ko wani ƙauye makamancinsu ya yi kwana biyu, ya sayi cukun nan mai ruwan ƙasa da ake yi ta hanyar dafa ruwan madara har ya yi kauri ya yi zaƙi, shi ne zai ga gari bayan jiragen sun tafi, kuma kuɗinsa a hannun mai gari zai tsaya. Watan Mayu da Satumba sun fi Yuli sauƙin cunkoso.

Dajin kuwa a buɗe yake ga kowa. Wata tsohuwar al'ada da aka mayar doka a 1957 ta ba duk mutum, ɗan ƙasa ko baƙo, damar ratsa ƙasar da ba a noma ko da mallakar wani ce, ya tsinki 'ya'yan itace, ya kafa tanti. Sharaɗin shi ne ya nisanci gidan da ake zaune da aƙalla mita 150, kada ya wuce kwana biyu a wuri ɗaya ba da izini ba, kada kuma ya hura wuta kusa da kurmi tsakanin 15 ga Afrilu da 15 ga Satumba. Ƙungiyar masu tafiyar ƙafa ta ƙasar, wadda aka kafa a 1868, tana da bukkoki sama da 500 a tsaunuka, hanyoyinta kuma suna da alamar jan harafin T a jikin duwatsu. A wasu bukkokin babu ma'aikaci: ka shiga, ka ɗebi abincin gwangwani daga rumbu, ka rubuta abin da ka ci, ka biya da kanka. Ɗan kasuwar da ya saba da ƙirga canji sau biyu zai so ya ga wannan da idonsa.

Sai dai 'yancin ya zo da nauyinsa. Babu shinge a bakin Preikestolen, falalen dutsen da ke mita 604 a saman fiyod ɗin Lyse. Trolltunga, harshen dutsen nan da ya cika Instagram, tafiyar kusan kilomita 27 ce zuwa da dawowa, awa 10 ko fiye a ƙafa, kuma yanayi yana iya juyawa daga rana zuwa ƙanƙara a cikin sa'a guda ko da a tsakiyar lokacin zafi. Masu aikin ceto, waɗanda yawancinsu 'yan sa-kai ne, sun sha sauko da baƙin da suka hau da takalmin zuwa ofis.

Ga ɗan Najeriya ko ɗan Nijar akwai batun biza. Norwe ba ta cikin Tarayyar Turai amma tana cikin yankin Shengen, don haka bizar Shengen ake nema, tare da inshorar lafiya ta tafiya. Tsadar rayuwa a can ba wasa ba ce, kusan komai da kati ake biya, yawancin shaguna kuma ba sa buɗewa ranar Lahadi. Akwai kuma batun lokaci. A yankin fiyod na yamma rana tana faɗuwa a watan Yuni amma duhu ba ya kankama. Can arewa kuwa, a tsibiran Lofoten, daga ƙarshen Mayu zuwa tsakiyar Yuli ba ta faɗuwa sam, a Disamba kuma ba ta fitowa. Musulmin birnin Tromso sukan bi lokutan Makka a irin waɗannan watanni, kuma matafiyi zai kyauta wa kansa idan ya tambayi malamai kafin ya tashi.

Kifin da ya riga mu zuwa

Lofoten ɗin nan ita ce inda zaren ya zo har kasuwanninmu. Kowace shekara tsakanin Janairu da Afrilu wani nau'in kifi yakan gangaro daga tekun Barents don ya yi ƙwai a gaɓar tsibiran. Shekaru kusan dubu ke nan masunta suna taruwa dominsa. Tun wajen 1120 ake cewa Sarki Oystein ya sa a gina musu ɗakunan kwana a bakin ruwa. Jikokin waɗannan ɗakuna, jajayen gidajen katako masu ƙafafu a cikin ruwa a ƙauyuka irin su Reine da Nusfjord, su ne a yau ake ba baƙi haya da tsada.

Kifin ba a sa masa gishiri, ba a yi masa hayaƙi. Ɗaure shi ake yi bibbiyu ta wutsiya a rataye a kan manyan ragayun katako daga wajen Fabrairu zuwa Mayu ko Yuni. Sanyin bai kai ya daskarar da shi ya lalata naman ba, ɗumin kuma bai kai ƙuda ya sauka ba, iska tana busar da shi har ya yi tauri kamar itace, ya iya shekaru bai ɓaci ba. Mafi kyawunsa Italiya ake kai wa. Kawunan kuwa, waɗanda ake shanyawa daban a dogayen igiyoyi, kusan dukkansu Najeriya suke zuwa. Shi ne busasshen kifin da Inyamurai ke kira okporoko, wanda cinikinsa ya daɗe tun zamanin mulkin mallaka, ya kuma ƙara shiga jinin mutane a lokacin yaƙin basasa da aka riƙa kawo shi cikin kayan agaji. Saboda haka idan Naira ta faɗi, ko aka taƙaita ba da kuɗin waje ga masu shigo da kifi, masu shanya a waɗannan ƙauyuka suna jin abin a aljihunsu, kuma sukan bi labarin canji a Legas kamar yadda suke bin hasashen iska. Wasu daga cikin buhunan da ake saukewa a Sabon Garin Kano, daga irin waɗannan ragayu aka kwance abin da ke cikinsu.